Kwamfutar Gayauna

A sunan da aka yi a gidan nan bara, ina kishingiɗe a zaure kuna zaton barci nake, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa baƙo cewa kwamfutar Ummi ce ta raba gandun gidanmu. Na gane muryar, amma ba zan kama suna ba. Ba shi ya fara faɗa ba. Sai dai tunda maganar ta fara zama tarihi a bakin waɗanda a lokacin ko wando ba su iya ɗaurawa ba, gara in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro. Yayana Haruna ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, ni kaɗai na rage a cikin mu biyun da abin ya shafa.

Ku na yanzu sai an yi muku bayanin gandu kamar baƙi. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gonakin da ya bari a nan ƙauyenmu, tsakanin Gaya da Ajingi, ba. Yaya ya zama mai gida, ni ina binsa. Da safe kowa ya nufi gonar gandu har rana ta take, hatsin ya shiga rumbu ɗaya, daga nan ake ci, ake aure, ake suna, ake sayen taki. Da yamma da kuma ranar Juma'a kowa ya tafi gayaunarsa, wato 'yar gonar da mai gida ya yanka masa. Abin da ka samu a gayauna naka ne, ko riga ka ɗinka ko tsire ka ci ba mai tambayarka. Abin da aka saya da kuɗin gandu kuwa na kowa ne: babur, amalanke, injin ban-ruwa, shanun huɗa. Wanda buƙatarsa ta fi ƙarfi yau shi ke ɗauka, ba ya roƙo, sanarwa kawai yake yi. Ni da Yaya kuma tun muna yara kwano ɗaya muke ci a zaure. Yana da wata ɗabi'a, sai ya juyo mini gefen da miya ta fi taruwa, idan mun gama ya ce ni na cinye masa.

Kafin in zo kan kwamfuta sai na faɗi maganar keke. Lokacin da na ci jarrabawar shiga sakandare a Gaya, mahaifinmu ya yi murna ƙwarai, ya sayar da gyaɗar gandu ya sayo mini keke sabo fil, har da ledarsa a jiki. Da sunana aka sayo shi, amma na gandu ne. Ranar kasuwar Ajingi keke ya tafi kasuwa. Aka yi rasuwa a Balan, keke ya tafi gaisuwa. Wata ta fara naƙuda, keke ya tafi ɗauko ungozoma. Yaya a lokacin yana neman aurensa na fari, to shi ya fi kowa hawansa. Babu wanda ya zalunce ni, kowace buƙata a ranarta ta fi makaranta gaggawa, ni kaina da aka tambaye ni da haka zan ce. Ina zuwa a makare, ina fashi, har malamai suka daina tambayar ina nake, daga baya ni ma na daina tambayar kaina. Ɗan karatun da nake rubuta muku wannan da shi, a nan ya tsaya. Ban taɓa tayar wa Yaya da maganar ba, ko sau ɗaya, ko cikin wasa.

Ummi 'yata ce ta uku. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka, Yaya kuwa Uwata yake ce mata, kuma ya ɗauki abin da gaske. Ita kaɗai ce take shiga ɗakinsa ta ɗauki dabino ba ta tambaya ba. Shekarar da ta samu gurbi a jami'a a Kano, za ta karanci awon filaye da zanen taswira, a shekarar ne gyaɗa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ta tafi ta yi rajista ta dawo da labarin cewa a sashensu ba a yin karatu sai da kwamfuta, irin ta ɗauka a jaka wadda suke kira laftof, domin duk zanen a cikinta ake yi.

Muna cin abincin rana a zaure ta durƙusa ta faɗa. Yaya ko hannunsa bai tsame daga kwano ba ya ce:

"Shi ke nan? Uwata, je ki zaɓi wadda ta fi kowace kyau. Gandu zai saya."

Ta tashi tana murna har tana tuntuɓe da dokin ƙofa. Ni kuwa sai na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano. Na san Yaya da zuciya ɗaya ya faɗa. Na kuma san gidanmu. Nasiru, babban ɗan Yaya, ya daɗe yana maganar buɗe shagon yi wa mutane rajistar jarrabawa. Akwai 'yan sakandare a gidan, akwai mai son kallo, akwai bukukuwa a gaba. Duk na hango su, kowa da hujjarsa mai kyau, kuma babu wanda Ummi za ta iya kallon idonsa ta ce a'a, tunda da guminsa a ciki.

Ranar da muka je zaɓen kwamfutar, ni da ita muka hau a-daidaita-sahu zuwa Gaya. Akwai wani Sagiru kusa da tasha, mai gyaran kwamfuta, yana kuma sarowa daga Kano. Ya shimfiɗa mana guda uku a kan teburi. Ta farko sabuwa ce, ja, mai sheƙi, kuma ita ta fi araha. Ni da a ce ni kaɗai na je, da ita zan ɗauka, har na fara shafa ta. Ummi ta duba wata takarda da ke manne a jikinta ta ture ta gefe.

"Baba, wannan kwalliya ce kawai. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, ina buɗe manhajar taswira za ta sandare."

Sagiru ya yi dariya ya ce gaskiya ta faɗa, ta masu rubuta wasiƙa ce da kallon fim. Ta biyu ma sabuwa ce, ruwan toka, siririya, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya kunna ta, kafin in gyara zama ta buɗe. Ummi ta sa hannu a kan madannanta a hankali, na ga yadda idonta ya yi. Wannan ita ce ta gandu, don kuɗinta sai rumbun gandu. Ta ukun baƙa ce, ta hannu, an yi amfani da ita a wata ƙasa kafin a kawo ta. Kauri gare ta, kusurwa ɗaya ta ɗan fashe, wasu haruffan sun goge saboda dannawa. Da na ɗaga ta sai da na sake riƙo.

Na ce, "Wannan fa, za ta ɗauki taswirar?"

Sagiru ya ce, "Za ta ɗauka, Baba, amma da haƙuri. Injinta mai ƙarfi ne, tsufa ne kawai. Ram ɗinta ana iya ƙarawa nan gaba, akwai gurbi. Batir kuma sabo na sa mata."

"Ram ɗin nan mene ne?"

Ummi ta ce, "Kamar faɗin tabarmar shanya ne, Baba. In tana da faɗi ka baza da yawa lokaci ɗaya, in ƙarama ce sai kaɗan-kaɗan."

Wannan na gane. Batun batir kuwa ban yarda da bakin mai sayarwa ba, don ko san huɗa ba na saye sai na ga ya ja garma. Na ce ya zare mata wuta, ya kunna mata wani abu mai nauyi, mu je mu yi azahar mu ci abinci mu dawo. Ya ce tunda yake sana'ar nan ba a taɓa yi masa haka ba. Na ce to yau an fara. Muka je muka dawo muka tarar da ita tana aiki, tana huci ta gefe, da sauran caji fiye da rabi. Na tambayi ko in ta lalace ana samun kayanta a nan kusa, ya ce irinta ta cika gari, ko'ina akwai. Ita siririyar kuwa in ta samu matsala sai an aika nesa.

Na ja Ummi waje, inuwar wata bishiyar darbejiya.

Na ce, "Gyaɗar gayaunata za ta iya sayen baƙar. Ba za ta iya sayen ɗayar ba."

"Ai Baba Haruna ya ce gandu zai saya."

"Na ji shi. In gandu ya saya, ta gandu ce. In na saya, taki ce."

"To ai duk ɗaya ne, Baba. Ni zan tafi da ita makaranta."

Ban yi mata bayanin keke ba. Ban san yadda zan faɗa ba tare da na zubar da girman Yaya a idonta ba, shi da take gani kamar ba ya kuskure. Na ce mata kawai baƙar za mu saya. Ba ta yi musu ba, ba ta taɓa yi mini musu ba, amma duk hanyar dawowa fuskarta na waje, tana share ido da gefen hijabi. Raina ya sosu ƙwarai. Uba ne ya ga abin da 'yarsa take so, an kuma ce ga shi kyauta, ya sa hannu ya ture.

Da kasuwar Ajingi ta ci na ɗora buhunan gayaunata a amalanke na kai, ban bar ko na iri ba. Washegari na karɓo kwamfutar. Mahaifiyar Ummi ta kalle ta ta kalle ni ta ce:

"Malam, wannan ai ta girmi Ummi. Yaya ya ce sabuwa, kai ka je ka kwaso tsohuwa. Me za ka ce masa?"

Abin da zan ce masa shi ne abin da na kasa shiryawa. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar shanu. Na ajiye kwamfutar a gabansa na ce ga ta, an samu. Ya dube ta, ya juya ta, ya sa babban yatsa a kan kusurwar da ta fashe.

"Wannan ce ta fi kowace kyau?"

"A'a, Yaya. Wannan ce gayauna ta iya saye."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Gandu ya gaza ne, Iliyasu?"

"Bai gaza ba."

"To ni ne ba ka so in yi wa Uwata?"

"Ba haka ba ne. So nake ta zama tata ita kaɗai."

"Tata ita kaɗai," ya maimaita, a hankali, kamar yana ɗanɗana maganar. "A gidan nan."

Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce Allah Ya sa albarka, ya koma kan igiyarsa. Da aka kawo tuwo ranar, sai ya aika aka ce a kai masa nasa ciki, wai ƙafarsa na ciwo. Washegari ma haka. Daga nan aka fara zuba mana a kwano biyu, ba wanda ya ba da umarni, matan gida ne suka gane da kansu. Ba mu yi faɗa ba, ku sani. Muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya, muna noma kafaɗa da kafaɗa. Da damina ta zo ba ni da irin gyaɗa, tunda na sayar duka, shi ya buɗe rumbun gandu ya auna mini ba tare da na tambaya ba. Shekarar da ta gabata ma irin da na shuka daga rumbun nan ya fito, shi ya auna mini, mu biyu kaɗai muka sani. Amma kwano bai koma ɗaya ba. Duk tsawon karatun Ummi ni kaɗai nake ci a zaure, kuma ban taɓa sabawa ba.

Ita ma Ummi ta biya nata. Kwamfutar tana da nawa wajen aiki. In ta ba ta babban zane sai ta tafi ta yi wanki ta dawo ba ta gama ba. Tana zafi har sai an ɗora ta a kan bulo biyu iska ta shiga ta ƙasa. Ƙawayenta suka sa mata suna Hajiya Babba. Jakar ta ci mata kafaɗa. Sai a shekara ta biyu, da gayauna ta sake bayarwa, muka koma wurin Sagiru ya ƙara mata ram ɗin, ta ɗan samu sauƙi. Amma duk ranar da ta buɗe jakarta kwamfutar na ciki. In ta zo hutu Nasiru ya zo da rajistar wani, ita take zama ta yi masa da hannunta, ta rufe ta mayar. Da aka zo bikin ƙanwarsa aka nemi a kai kwamfutar wurin masu kiɗa, Ummi ta ce tana da aiki a ciki, magana ta ƙare a nan, don kowa ya san ba ta gandu ba ce. An yi gunaguni, na ji, na yi kamar ban ji ba.

Ba zan ɓoye muku ba, bayan abin da na yi, samarin gidan sun fara ba gayauna ƙarfi fiye da da. Wanda zai sayi waya sai ya ce da kuɗinsa ya saya, ya faɗa da ƙarfi don a ji. Ko ni na buɗe wannan ƙofa, ko dama a buɗe take ni ne kawai na fara bi a fili, Allah ne masani. Gandayen maƙwabtanmu da ba su taɓa ganin kwamfuta ba su ma sun watse a waɗannan shekarun. Samari suna son tafiya Kano, suna son babur nasu, ƙasa kuma ba ta ƙaruwa.

A shekarar ƙarshe ta karatun Ummi, bayan an gama girbi, Yaya ya ce ƙarfinsa ya ƙare, a raba tun yana raye kada a yi rigima a bayansa. Aka kira liman da mai unguwa. Al'adar ita ce a fito da duk abin da gandu ya mallaka a tsakar gida, a yi masa kuɗi, a raba. Abin da ba ya rabuwa a sayar. Aka fito da babur da injin ban-ruwa da amalanke da garma, aka ɗaure shanu a gefe. Ummi tana gida a lokacin, tana zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyarta da Hajiya Babba a kan bulo, tana haɗa aikinta na kammalawa, wanda ta shafe watanni tana yi, duk yana ciki. Da aka gama zagayawa liman ya ce ko akwai abin da ya rage.

Nasiru ya ce, "Akwai kwamfuta."

Ba da mugunta ya faɗa ba, na san yaron, gani yake gaskiya ce. Mai unguwa ya ce ai ya ji da kuɗin gayauna aka saye ta.

Nasiru ya ce, "Gayaunar ƙasar gandu ce. Kuma ni na buɗe rumbu a shekarar, na ga irin gyaɗa ya ragu. In da irin gandu aka shuka, ai da haƙƙin kowa a ciki."

Ashe ba mu biyu kaɗai muka sani ba. Liman ya juyo ya dube ni. Gaskiya ne, daga rumbun irin ya fito. Na ga Ummi ta ɗora tafin hannunta a kan murfin kwamfutar. Liman ya ce magana tana wurin mai gida: in aro ya bayar daga gandu, to sai an sa ta a lissafi, in kyauta ya yi a matsayinsa na mai gida, shi ke nan. Kowa ya juya wurin Yaya. Mutumin da na mayar wa da kyautarsa a gaban iyalinsa, yau kalma ɗaya ta ishe shi.

Yana zaune a kan turmi da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Bai kalle ni ba.

"Irin ni na auna masa, kuma kyauta na ba shi. Ku rubuta haka." Sannan ya ɗaga sandar ya nuna Nasiru. "Kwamfutar nan ta Uwata ce. Ba keke ba ce da kowa zai hau."

Babu wanda ya gane abin da yake nufi da keke, har liman ya yi murmushi yana zaton zolaya ce. Ni kaɗai na gane. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini a gaban 'ya'yana, ban iya tsayar da su ba. Shekara da shekaru ina zaton ni kaɗai nake ɗauke da keken nan, ashe shi ma yana ɗauke da shi, kuma nasa ya fi nawa nauyi.

Aka gama rabo lafiya, mutane suka watse. Da aka kawo abincin rana na zauna a zaure ni kaɗai kamar kullum. Sai na ji ƙarar sandar Yaya. Ya shigo ya zauna da ƙyar a inda ya saba zama, ya leƙa kwanona, ya ɗaga murya ya ce a mayar da nasa, wannan ya ishe mu. Ya wanke hannu, ya juyo mini gefen da miya ta fi taruwa. Ba mu yi maganar keke ba, ba mu yi maganar kwamfuta ba, ranar ko bayanta. Da muka gama ya ce na cinye masa.

Daga ranar har ya kwanta ciwon ajali kwano ɗaya muke ci, gonaki a rabe, rumbu a rabe. Ummi ta gama karatu da Hajiya Babba, ta fara aiki da ita, sai da kwamfutar ta mutu murus sannan ta sayi wata. Har yanzu tana ajiye a ɗakinta, ta ƙi bari a sayar wa 'yan gwangwan.

To in za ku ba baƙo labari, ku bayar duka. Ku ce ni na ƙi ta gandu na sayi ta gayauna, kuma ko yau aka mayar da ni shagon Sagiru baƙar zan ɗauka. Sannan ku ce ranar da aka baje kayan gidan nan a tsakar gida, Haruna ne ya hana a taɓa ta.